Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar NAFDAC Kan Abincin Karnuka Da Kyanwoyi A Kasuwannin Jos

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, Farfesa Mojisola Christianah Adeyeye, Abuja.

Ranki ya daɗe,

  

Ina rubuto miki ne daga unguwar Tudun Wada a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, da bakina da na maƙwabtana masu kiwon kare da kyanwa. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a saboda duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa a ƙasa ba ta buɗe ba. Mai kanti ya ce shi ma sara ya yi, a tambayi dillali. Dillali ya ce haka kaya suka zo masa daga Legas. Lambar wayar da ke jikin buhu, in ma akwai ta, ba ta shiga. Wani ofishi da aka nuna mana muka kai kuka ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Tun da ƙasa ta gaza, dole magana ta hau sama.

Na san abin da wasu za su faɗa tun kafin su kai ƙarshen wannan takarda: mutane na kwana da yunwa, wani yana zancen abincin kare. Ban raina wannan magana ba, domin ni ma a cikin masu auna masara da ƙyar nake. Amma wanda ya san Tudun Wada ya san karen unguwarmu ba na ƙawa ba ne. Gidajenmu a kan duwatsu suke da tsakankanin duwatsu, lunguna ne da mota ba ta shiga, kuma garin da ya ga abin da Jos ta gani a 2001 da 2008 da 2010 ba ya barci da ido biyu a rufe. Gwauruwar da ba ta da kuɗin ɗaukar mai gadi, karenta ne mai gadinta. 'Yan banga da mafarauta da karnuka suke aiki. Ita kuwa kyanwa, aikinta ɓera ne, kuma a garin nan ba a yi wa kowa bayanin abin da ɓera ke kawowa. A 1969 aka ɗauko wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa aka kawo ta asibitin mishan na Jos, a nan ta rasu, daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ajiye kyanwa a gida cikin hanyoyin rage ɓeraye masu yaɗa cutar. Ga kuma addini. Musulmi ya san labarin matar da ta gamu da azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, Kirista kuma ya san Littafin Karin Magana ya sa kula da dabba cikin alamun mai adalci. Dabbar da ka ɗaure a gidanka, cinta yana wuyanka.

Duk likitan dabbobin da ka tambaya wane abinci ya fi, amsarsa ɗaya ce: karanta abin da ke jikin buhu. Ya ce ka duba jerin kayan haɗi, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ka ga ko nama ne ko kifi a gaba, ko kuwa dusa ce zalla. Ka duba yawan furotin da mai da danshi, ka duba ko na kwikwiyo ne ko na babban kare, ka duba ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare, da lambar rukunin da aka sarrafa tare, da lambar rajistar NAFDAC. Akwai ma'auni sananne da ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, ta tsayar: in an cire ruwan da ke cikin abincin, babban kare na bukatar furotin aƙalla kashi 18 cikin 100, kwikwiyo kashi 22.5, babbar kyanwa kashi 26, 'yar kyanwa mai tasowa kashi 30. Shawara ce mai kyau. Sai dai tana aiki ne ga wanda ya ga buhu, kuma rubutun buhun gaskiya ne. Mu a nan, sau da yawa ba mu da ko ɗaya.

Kukanmu na farko ke nan, ranki ya daɗe. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Abincin da ake shigowa da shi, irin su Pedigree da Royal Canin da Whiskas da Purina, ya fi ƙarfin talaka. Ko na gida, irin Binggo da kamfanin Grand Cereals ke yi a nan Zawan, ba kowa ke iya ɗaukar buhu guda ba, tun da masara da waken soya ma sun yi tsada. Ba na tuhumar ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da komai. Abin da ke faruwa yana faruwa ne bayan kaya sun bar hannunsu. Ana farke buhu a juye a baho, a riƙa aunawa da mudu ko gwangwani, a ƙulla a farar leda. Mai saye ya tambayi suna, a faɗa masa sunan da yake son ji. Babu ranar ƙarewar wa'adi, babu lamba, babu hanyar sanin ko an gauraya sabo da tsohon da ya kwana wata da watanni, ko an ƙara dusa don ya yi auki. Cinikin biri a sama ne tsantsa. Kamfanin kirki ma yana cutuwa, domin in kare ya mutu sunansa za a kira, alhali watakila ko ƙwaya ɗaya a ledar ba tasa ba ce.

Na biyu shi ne wanda ya fi hana ni barci, wato fumfuna. Jos gari ne mai damina mai tsawo, daga Afrilu har Oktoba, kuma a Yuli da Agusta sai a yi kwanaki wanki bai bushe ba. A irin wannan lokaci za ki ga baho a buɗe a bakin titi, buhuna jingine da bango mai tsattsafo, wasu a kan siminti ba ko katako a ƙasa. Masara da gyaɗa su ne ƙashin bayan abincin dabbobi a ƙasar nan, su ne kuma abin da fumfunar da masana ke kira Aspergillus flavus ta fi so. Ita ke fitar da dafin aflatoksin. Ke masaniyar haɗa magunguna ce, ba zan koya miki wannan ba, amma ina so masu karanta wannan wasiƙa tare da ke su ji. Dafin nan ba ya da ɗanɗano da za a gane. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, injin da ke murza abincin kare ya mai da shi ƙwayoyi ma ba ya kashe shi. Hanta yake ci. Kare yana cikin dabbobin da ba sa jure shi, kuma da yake abinci iri ɗaya yake ci safe da yamma, dafin taruwa yake yi a jikinsa. Sai ya fara ƙin abinci, ya yi laushi, ya yi amai, ido da dasashi su yi ɗorawa irin ta ciwon shawara, wani lokaci ya yi zawo da jini. Kafin a ankara hanta ta tafi.

Mun kuma san inda hatsin da mutane suka ƙi yake zuwa. Masarar da ta yi baƙi, gyaɗar da aka tsince aka ware, tunkuzar da ta daɗe a ajiye, ba a zubar da su. A kan ce ai na dabbobi ne, a karya farashi, masu haɗa abinci a bayan gida su kwashe.

A daminar da ta wuce wani maƙwabcinmu ya rasa karnukansa ɗaya bayan ɗaya, ba da daɗewa ba da ya koma sayen abincin awo. Likitan da ya duba su ya ce hanta ce ta lalace, kuma ya fi zargin abincin. To a ina za a gwada? Ledar ba ta da suna, bahon da aka auno ya ƙare, mai kanti ya rantse kayansa lafiya suke. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Kafin likita ya yi magana, unguwa ta riga ta yanke hukunci cewa guba aka sa musu, har an fara nuna gidan da ake zargi. Ɓarayi kan sa wa karnuka guba, gaskiya ne, shi ya sa zargin ke saurin kama zuciya. Amma a gari irin namu, inda aka sha wahala kafin maƙwabci ya sake yarda da maƙwabci, zargi irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwaji guda a ɗakin bincike da ya kashe maganar tun ranar farko.

Kada a ɗauka wannan tsoron ƙauye ne. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil, kuma binciken wannan annoba ne ya kai ga gano aflatoksin. A 2005 kamfanin Diamond Pet Foods na Amurka ya janye kayansa bayan karnuka sun mutu da wannan dafi. A 2011 karnuka fiye da 220 suka mutu a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu daga abinci mai araha da ya gurɓace. A ƙarshen 2020 aka sake yi a Amurka da abincin Sportmix, dabbobi fiye da 100 suka mutu. A Amurka doka ta tsayar da iyaka, kashi 20 cikin biliyan, ana gwaji, amma duk da haka ya kan kuɓuce musu. Bambancin shi ne in ya kuɓuce, akwai lamba a jikin buhu da za a bi har masana'anta, a yi shela, a kwashe kaya daga kanti. Ina lambar da za a bi a jikin farar leda?

Kuma masarar kare da ta tuwonmu daga gona ɗaya suke, daga kasuwa ɗaya, ko Mangu ko Katako. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta saboda masara mai aflatoksin, 125 suka rasu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan dafi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma haɗarinsa ga hanta yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Najeriya. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani ɓangare na dafin a nononta. Saboda haka in karnuka suka fara mutuwa da ciwon hanta a unguwa, hukumar da ke tsaron abincin mutane ya kamata ta fi kowa son jin labari.

Na uku, ko buhun yana nan a rufe, mai saye ba shi da yadda zai tabbatar da abin da aka rubuta. Akwai buhunan da rubutunsu duka da harshen da ba mai karanta shi a nan. Akwai waɗanda wurin ranar ƙarewar wa'adi ya goge, ko aka liƙa wata takarda a kai. Akwai masu ɗauke da hoton tsokar nama jajir a gaba, in ka juya baya ka tarar hatsi ne na ɗaya da na biyu da na uku. Lambar rajista kuwa kowa na iya buga ta. Adadin furotin ma ana yi masa dabara, kuma duniya ta ga haka. Gwajin da aka saba yi yana auna sinadarin naitirojin ne, daga nan a lissafa furotin. Sai wasu masu sayar da kayan haɗi a ƙasar Sin suka riƙa zuba melamin, sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, don kaya su ci gwaji. A Maris 2007 kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da fakiti fiye da miliyan 60, bayan ƙodar karnuka da kyanwoyi ta riƙa lalacewa a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, aka sami melamin ɗin nan a madarar jarirai a ƙasar Sin: yara wajen 300,000 suka kamu, 6 suka rasu. Dabbobi ne suka fara mutuwa, ranki ya daɗe, sannan jarirai.

Na huɗu ya shafi kyanwa, wadda kullum ake mantawa da ita. Da yawa cikin masu kanti za su auna maka abincin kare su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kyanwa maciyar nama ce ta asali, jikinta ba ya iya ƙera isasshen sinadarin tawurin, sai ta samu daga nama ko kifi. Tun 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa rashinsa yana kumbura zuciyar kyanwa ya raunana ta, kuma an san yana makantar da ita. Masu ba da ragowar abincin gida ma suna bukatar a faɗa musu cewa albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba miyarmu da su, suna fasa ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma farasitamol da muke sha don ciwon kai yana kashe kyanwa. Ban taɓa jin an faɗi wannan a rediyo da Hausa ba.

Na biyar, wa za mu kama? Hukumarki, wadda dokar 1993 ta kafa, tana da sashe guda na magungunan dabbobi da dangoginsu, kuma abincin dabbobi yana ƙarƙashinsa. Akwai Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, NIAS, da dokar 2007 ta kafa, mai sa ido kan masu sarrafa abincin dabbobi. Akwai SON mai tsayar da ma'auni, akwai majalisar likitocin dabbobi, ga kuma sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024. Mai ilimi ma sai ya zauna ya yi nazari kafin ya gane iyakar kowa, balle tsohuwar da karenta ke kwance yana amai. Ita NAFDAC kawai ta sani, domin ita ce sunan da take gani a jikin ledar ruwa da kwalin magani. Wannan suna da kuka yi alheri ne, amma nauyi ne kuma.

Ina yi miki wannan magana kai tsaye ne don na san in hukumar nan ta sa kanta abu tana iyawa. Mun ga zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, yadda aka yaƙi jabun magunguna da sinadarin buromet a burodi. Tun 2010 mai sayen maganin zazzaɓin cizon sauro yake kankare kwali ya tura lamba ta waya a ba shi amsa nan take. A zamaninki, a 2019, aka hana sayar da maganin ƙwari Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Kuma kayan aiki ba su da nisa da mu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, tafiyar ƙasa da awa guda daga ƙofar gidana. Jami'ar Jos tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi. Hukumarki tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Cibiyar IITA ta Ibadan ta daɗe da samar da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona don rage dafin tun daga tushe. Ƙasar da ta tara wannan duka bai kamata mai kare a cikinta ya rasa inda zai kai mudu guda a gwada masa ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ki tura jami'anki su zaga wuraren sayar da abincin dabbobi a Jos da Bukuru, musamman a tsakiyar damina, su ɗebi samfuri daga buhu da baho, a gwada aflatoksin, a kuma buga sakamakon inda kowa zai gani, da sunan wanda ya ci da wanda ya faɗi. Wanda kayansa ke da kyau, wannan talla ce kyauta gare shi.

Game da abincin awo, ba ma roƙon a kwace wa ƙananan 'yan kasuwa jarinsu, domin talauci ne ya haifar da mudun, kuma in aka hana shi da ƙarfi ɓuya kawai zai yi. Muna roƙon ki zauna da masu sarrafawa ki nemi su fito da ƙananan fakiti a rufe, na rabin kilo da kilo ɗaya, masu cikakken rubutu. Kafin nan, a wajabta wa duk mai aunawa ya ajiye buhun asali a gaban mai saye, ya zuba kayan a mazubi mai murfi, a kan katako, nesa da danshi.

Muna roƙon a fitar da jerin abincin karnuka da kyanwoyin da ke da rajista ta gaskiya, ta yadda mai ƙaramar waya ma zai iya tura lamba ya tabbatar, kamar yadda ake yi da magani. Duk abin da aka shigo da shi ya zo da rubutun da ake karantawa a ƙasar nan, kuma in an janye wani kaya a ƙasar da aka yi shi, a sanar da mu ta rediyo, kada labarin ya tsaya a intanet.

Muna roƙon hukumarki ta yi yarjejeniya da Vom da Jami'ar Jos, ta yadda likitan dabbobin da ya ga karnuka suna mutuwa da alamun ciwon hanta zai san teburin da zai kai rahoto da samfurin abinci, a gwada a farashin da talaka zai iya, amsa ta dawo da wuri. Ku da NIAS da SON kuma ku tsayar mana da ƙofa guda ta kai ƙara, ku raba aikin a tsakaninku daga ciki.

Daga ƙarshe, muna roƙon a yi mana bayani da Hausa da sauran harsunan Filato a gidan rediyon jiha: yadda ake karanta jikin buhu, yadda ake ajiya, abin da ba a ba kare da kyanwa, da dalilin da ya sa hatsin da ya yi fumfuna bai dace da mutum ko dabba ba.

Ranki ya daɗe, damina na tafe kowace shekara, bahunan nan kuma suna nan a buɗe. Muna roƙon ki ba da umarnin ɗibar samfurin farko kafin ruwan Yuli ya sauka, kuma ki amsa mana wannan takarda a fili kamar yadda muka rubuto ta a fili.



Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin Tudun Wada, Jos, Jihar Filato.